Dutse Mai Furanni

Da safen nan Mai-kifi ta buɗe shagonta, ta bi tankunan gilashi tana kunna musu fitila kamar kullum, sannan ta shiga ɗakin baya ɗauko abincin kifi. Nan ta tarar babu shuɗin bokitin da ta tura ƙarƙashin tebur jiya. Kwaɗo lafiyarsa lau, taga ba a taɓa ta ba, kifayen nan masu tsada suna ta shawaginsu ba a ɗauki ko ɗaya ba. Abin da ya yi ƙafa bokiti ne guda, da ruwan gishirin cikinsa, da wani dutse da bai wuce girman kan mutum ba.

Kafin ta dawo hayyacinta labari ya gama ginin. Shaguna ne a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen haya a sama, irin wurin da in ka yi atishawa a bakin titi sai a ce maka sannu daga bene. Maƙwabta suka taru a ƙofar shago, wasu har da dariya, wai wane irin ɓarawo ne zai tsallake kifi ya ɗauki dutse. Amma ko masu dariyar sai da suka koma suka girgiza kwaɗonsu, kowa yana kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido, domin ƙofar da aka buɗe ba a fasa ba, ai na gida ne ya buɗe ta.

Mai-kifi dai ba ta yi dariya ba. Ta aika a kira mata Mai-sawu.

Wannan dattijo ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gandun daji yana bin sawun namun dawa da na masu harbinsu a ɓoye. Da gwiwa ta fara yi masa gardama sai ya dawo gari, kusa da 'yarsa da ke aure a saman ginin. Kullum kansa a sunkuye yake tafiya, har ana tsokanarsa wai allura ya yar tun yana saurayi bai gama nema ba. Ya zo, ya gaisa da Baban-kifi, mahaifin mai shagon kuma tsohon abokinsa, wanda ke zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa. Shi ya kafa shagon tun ana sayar da kifayen ruwan daɗi, kafin 'yar ta karɓa ta mayar da shi na ruwan gishiri, ta bar masa kujera da amsa gaisuwa.

Mai-kifi ta ja Mai-sawu ɗakin baya ta tura ƙofa.

"Kawu, ba dutsen nake ji ba. Wanda ya ɗauka nake ji wa."

Ta yi masa bayani. Duk mai kafa sabon tankin ruwan gishiri da zaɓen dutse yake farawa, don a kansa murjani ke zama, a ramukansa kuma ƙananan halittun da ke tace ruwa ke rayuwa. Akwai busasshe, fari fat, ba komai a jikinsa, sai dai a yi haƙurin jira ya yi rai a hankali. Akwai kuma mai rai, wanda ke zuwa a jiƙe daga teku da duk abin da ya maƙale masa, na alheri da na sharri. Wanda ya ɓata mai rai ne. A jikinsa ta ga wasu 'yan halittu kamar furanni, kore-kore da ruwan lemo, masu kyau har ka ji kamar ka shafa. To, dafi ne a jikinsu. In an ƙyale su cikin ruwansu ba ruwansu da kowa. Amma in aka dirje su da buroshi, ko aka zuba musu ruwan zafi, tururin kaɗai ya isa ya toshe ƙirjin duk wanda ke cikin gida, babba da yaro. Shi ya sa ta ware shi ta rufe, ba ta faɗa wa kowa ba, tana jiran wanda ya kawo mata ya zo ya kwashi abinsa.

Mai-sawu ya ce ai wannan ba maganar ɓoyewa ba ce, ta fita yanzu ta shelanta wa kowa. Ta ce ta yi wannan tunanin, amma ɓarawon da ya tsorata cikin bolar bayan gini zai wurga shi, inda yara ke wasa, masu tsince-tsince na zura hannu. Daga baya ta yi ƙasa da murya ta ƙara da cewa in aka ji ta ajiye dafi a shago, wa zai sake kawo ɗansa kallon kifi. Mai-sawu ya dube ta. Ya ce ya ba ta zuwa tsakar rana, in bai gano ba da bakinsa zai faɗa.

Ya tambayi masu makulli, ta ce ita ce sai Direba mai kai mata kaya. Ya tambayi wanda ya ga dutsen, ta ce Likitan haƙori na hawa na tsakiya, jiya har sun yi sa-in-sa a kansa.

Mai-sawu ya san Direba sarai, domin mijin 'yarsa ne. Ya kuma san yaron nan yana harhaɗa wani ɗan tanki a falonsu saboda jikarsa, wadda dama ƙirjinta ba ya son ko hayaƙin girki.

Ya durƙusa da ƙyar ya duba ƙasa, daga ƙarƙashin tebur har lungun da ke bayan shaguna. Babu komai. Mai shara ta riga shi, ta goge lungun tas da ruwan sabulu tun kafin a buɗe shaguna, tana ma cika baki cewa ko tururuwa ta bi wurin sai ta zame.

*

Ya hau matattakalar gaba zuwa wurin Likita. A ɗakin jiran marasa lafiya wani ƙaton tanki ne ya cinye bango guda, cike da ruwa garai-garai, babu kifi ko ɗaya, sai tulin fararen duwatsu.

Likita bai jira tambaya ba. Ya ce ya kafa tankin ne don masu ciwon haƙori su sami abin kallo su manta da tsoro, sai ga shi an sayar masa da abin da ya fi kama da ƙasusuwa, wai kuma ya jira watanni. Jiya ya leƙa ɗakin bayan Mai-kifi ya ga dutse mai furanni, ya ce shi yake so, ta rufe bokiti a fuskarsa ba ko dalili. Ya yarda ya ɗaga murya, ya yarda ya ce sai ya mallaki dutsen nan ko ta halin ƙaƙa. Amma magana ce ta fushi, kuma ga ɗakunansa nan, a bincika har cikin akwatin auduga.

Yana ta zuba, Mai-sawu na kallon takalmansa da bakin wandonsa da gindin tankin. Sannan ya ja numfashi a hankali. Ɗakin bayan Mai-kifi ƙarnin teku yake yi, wanda ke kama tufa ya bi mutum. Nan kuwa ba abin da ke tashi sai warin magani.

Har ya kai ƙofa Likita ya ce, "Dattijo, in nema kake da gaske, ka fara daga gida. Surukinka ne ya raka ni waje jiya ya ce in kwantar da hankalina, zai duba mini."

*

Ya sami Direba a bayan gini yana wanke mota. Ƙasan motar duk farin gishiri, ɗan yatsansa ɗaure da tsumma. Da ya hango surukinsa ya ajiye soso ya rusuna, idonsa a ƙasa.

Tambayar suruki ba abu ne mai sauƙi ba. Mai-sawu ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar mota, ya tambayi yatsa. Direba ya ce bakin gilashi ne ya yanke shi shekaranjiya, gishirin kuwa na kullum ne, motar da ke ɗaukar ruwan teku ba ta rabuwa da shi. Maganar Likita, ya ce ya faɗa ne kawai don mutumin ya sake masa hannun riga.

Mai-sawu ya dubi rana, ta fara ɗagawa sosai. Ya ajiye kunya gefe.

"Ɗana, in yana ɗakinku ba zan tambaye ka dalili ba, ba kuma wanda zai ji daga bakina. Ka faɗa mini kawai ba a taɓa shi ba."

Direba ya ɗago kai, abin da bai taɓa yi a gabansa ba.

"Baba, har da kai?"

Ya zaro makullin gidansa ya miƙa da hannu biyu, ya ce a je a duba, sannan ya juya ya ci gaba da wanke wurin da ya riga ya wanke. Mai-sawu ya ji kamar ya mayar masa da makullin, amma ya tuna ƙirjin jikarsa. Ya kira wayar 'yarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira, haka. Sai ya nufi matattakalar baya, wadda ta fi kusa, duk da ba kowa ke binta ba saboda tsayinta.

*

Rana ta shigo ta tagogin matattakalar ta kwanta a kan siminti. Bai yi nisa ba ya tsaya cak. A kan wani mataki ga zobe fari, zagayayye kamar an zana da alli, daidai faɗin gindin bokiti. Da safe ruwa ne kawai, ko ya zo ba zai gan shi ba. Sai da rana ta shanye ruwan sannan gishirin ya fito ya nuna kansa.

Ya hau 'yan matakai, ga wani. Ya ƙara, ga wani. A inda matattakalar ta karya kwana zoben ya fi kauri, alamar bokitin ya daɗe a ajiye, kuma a gefensa ƙurar matakin ta share, wani ya zauna ya huta. A jikin ƙarfen riƙewa kuwa shatin tafin hannu ne fari-fari, ba na mai dafawa ba, na mai jan jikinsa sama.

Zobban suka wuce hawan Likita ba su ko kalli ƙofarsa ba. Suka yi ta matsowa kusa da juna har sama, inda suka ɓace a kan doguwar dardumar da ke tsakanin ƙofofin gidaje.

Mai-sawu ya jingina da bango yana haki. Ya sha ganin surukinsa yana hawa benen nan da bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, yana tsallake mataki yana waƙa. Wannan ba sawunsa ba ne. Daga bayan ƙofar 'yarsa ya jiyo ƙarar famfo da dariyar jikarsa, ya lumshe ido ya yi hamdala. Sannan ya dubi ƙofar ƙarshe, ta tsohon abokinsa, mutum ɗaya tilo a saman nan da hawa ke wahalar da shi haka, kuma wanda ya taɓa riƙe makullin shago.

Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. Matar gidan kunnenta ya yi nauyi, sai an yi ta dukan ƙofa maƙwabta sun fito. Kuma shiga gidan aboki bincike a bayan idonsa abu ne da bai iya ba. Ya ce a ransa ai mutumin yana ƙasa a kujerarsa, muddin yana can dutsen na kwance cikin ruwansa. Da wannan lissafin ya juya ya sauka.

*

Ya tarar shago ya cika. Likita ya sauko yana cewa tunda ana shafa masa baƙin fenti gara a kira 'yan sanda su tambayi mai makulli. Direba na tsaye, ya ajiye makullin shago a kan kanta, ya ce daga yau ya bar aikin. Baban-kifi na kujerarsa, ya zuba wa tafin hannunsa ido.

Mai-sawu ya roƙi maƙwabta su ɗan ba su wuri, ya rufe ƙofa. Ya fara mayar wa surukinsa makullin gida, ya amsa a gaban kowa cewa ya yi masa laifi, ya roƙe shi ya yafe masa. Ya ce wa Likita shi ma ya wanku. Wanda ya ɗauki bokitin, in ji shi, ya hau da shi sama yana hutawa a hanya, kuma bai yi kama da mai niyyar cutar kowa ba. Bai kalli kujerar bakin ƙofa ba. Ya juya ga Mai-kifi ya ce lokaci ya yi, ta faɗi abin da ke jikin dutsen.

Ta faɗa. Likita ya ja da baya kamar dutsen na gabansa. Da ta zo kan maganar tururi sai kujera ta yi ƙara.

"Ruwan zafi kika ce, 'yar nan?"

Baban-kifi ne, ya miƙe tsaye. Magana ta ɓalle masa a hargitse. Ya sayi ɗan tanki ya ɓoye a ɗaki, yana so wata rana ya kira ta ta ga har yanzu hannunsa bai mutu ba. Tsohon makullinsa na nan bai taɓa mayarwa ba. Ya shiga da sassafe ya zaɓi dutsen da ya fi kyau, yana cewa ai ɗaukar uba a shagon 'yarsa ba sata ba ce. Da ya ga abin ya zama taro sai kunya ta ɗaure masa baki.

Mai-kifi ta ce ba komai, ya faɗi inda yake kawai.

Ya ce ita ma ta sani, a gabanta ta tashi tana gani: shi bai taɓa sa dutse a tanki ba sai ya tafasa shi, haka ake yi wa dutsen rafi don a kashe ƙwayar cuta. Ya ɗora babbar tukunya a kan gas kafin ya sauko, don kada a ga kujerarsa ba kowa.

"Na ce wa uwarki in ya tafasa ta jefa shi ciki ta rufe."

Direba ne ya fara motsi, ya fizge makullin gidan tsohon daga hannunsa ya yi waje. Mai-kifi ta bi shi tana cewa ya toshe hanci, ya buɗe tagogi, kada ya leƙa tukunya. Mai-sawu ya bi bayansu da gwiwoyin da ba sa jin magana. A kowane mataki yana ganin hannunsa da ya ɗaga a ƙofar nan ya sauke. Ya yi tsaye a wurin yana lissafin kunya, tukunya na kan wuta taku kaɗan daga gare shi. Kuma iskar saman nan ɗaya ce, ƙofar jikarsa na kan dardumar.

Da ya isa, ƙofa a buɗe take, tururi na fitowa daga kicin kamar hazo. Direba ya ɗaure hanci da rigarsa, ya kashe gas, ya bankaɗe taga. Duk da an hana shi, sai da ya sa dogon cokali ya ture murfin tukunyar. Ruwa ne ya kusa ƙonewa. Ruwa kawai.

Mai-kifi na ta kiran Inna, Inna, ba amsa. A falo suka same ta, bayan labule, zaune a kan 'yar kujera kusa da taga. Ta sa tabarau, ta sunkuya a kan shuɗin bokiti, hannayenta a kan cinya. Sai da 'yar ta dafa kafaɗarta ta ɗago, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya ko gobara ake yi.

Mai-kifi ta kama hannayenta tana juyawa, ta tambaye ta da ƙarfi ko ta taɓa. Hannayen a bushe suke. Tsohuwa ta ce ina, ta taɓa ta tsorata su? Ta ce ruwa na fara ƙara ta jawo bokitin wajen haske don ta ga inda za ta kama. Da ta buɗe, abubuwan duk a dunƙule suke. Rana na sauka a kansu sai ɗaya ya buɗe, sai na kusa da shi, sai suka yi ta buɗewa har dutsen ya rufe. Tun lokacin take zaune, ta ma manta da wuta.

Mai-kifi ta sulale ƙasa ta kifa kai a cinyar uwarta, ba za ka ce kuka take ko dariya ba. Mai-sawu ya nemi hannun kujera ya zauna, don ƙafafunsa sun ce iyakarsu ke nan.

Can sai ga Baban-kifi a bakin ƙofa, Likita na riƙe da shi, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya dubi matarsa, ya dubi bokitin. Ta zare tabarau ta nuna shi da su.

"Maigida, ka ce mini dutse ne. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin dutse ya buɗe ido ba. In dafawa za ka yi, ga tukunyarka can, ka dafa da hannunka."

"Ba mai dafawa, Inna," in ji Mai-kifi, tana share fuska. Ta jawo murfin za ta rufe bokitin.

Tsohuwa ta riƙe mata hannu.

"Dakata tukuna. Akwai wani ƙarami a gefen nan, shi kaɗai ya rage bai buɗe ba."